Mai Gadin Tafkuna Uku

Bayan gari, inda hanyar Sinnar ta karkace,
inda ko jakin karo ke kau da hanci,
nan aikina yake.
Yara na kirana Baba Wari. Na daina jin haushi.
Sunana na yanka Ilyasu,
uwata ce ta ƙarshe da ta kira ni da shi,
kafin shekarar amai da gudawa,
lokacin da kwata ke gangarawa kai tsaye cikin Nilu
mu kuma mu tare ta a ƙasa da tulu.

Kowace safiya garin nan na aiko mini da asirinsa
ta bututu ɗaya.
Ruwan ƙullun kisra na gidan Tabawa,
kumfar wanki, jinin mahauta ranar kasuwa,
alwalar liman da fitsarin ɓarawo,
sun iso rungume da juna, ba mai cewa matsa can.
A bakin raga nake tsayawa da manjagara:
leda, tsumma, takalmin yaro ƙafa ɗaya,
wata rana har laya, ɗinke da jar fata.
Ban buɗe ba.

Tafkin farko baƙi ne, mai zurfi, ba ya magana,
sai dai ya yi gyatsa.
Nan nauyi ke kwanciya.
Na biyu kore shar, gansakuka ta yi masa riga,
rana ta sauko tana aikin
da ba a taɓa biyan ta lada ba.
Na uku kuwa, zo ka gani,
kacalla ta yi sahu,
balbela na ɗaga ƙafa a hankali
kamar mai sabuwar jallabiya ranar ruwa.

Kwana ashirin da ɗaya ruwa ke yi a hannuna.
Ba duka, ba wa'azi.
Jira kawai.
Da an ba mutum irin wannan jiran
wataƙila shi ma da ya washe.

Injiniya Ihsan ta zo daga Wad Madani sau biyu,
ta bar mini kwalba da littafi mai layi.
Tun da hanya ta lalace ba ta dawo ba.
Ina cika littafin duk da haka,
da ajami, don shi na iya:
Talata, kalar shayi. Laraba, ya fi jiya.

Daminar bara kogi ya taso ja wur daga tsaunukan Habasha,
cikin dare gefen tafki na biyu ya tsage.
Na bi ƙofa ƙofa ina bugawa da ƙotar manjagara.
Shu'aibu mahauci ya fito ba riga,
Tabawa ta zazzage dawarta a tabarma ta miƙo buhunan,
liman ya naɗe wando har gwiwa.
Muka dinga dannawa da yashi, taɓo har ƙugu,
har aka kira assalatu ba mai kira.
Daren nan ba wanda ya toshe hanci.
Da gari ya waye, yara suka ce: Baba Wari, sannu da aiki.

Yanzu ga ni a bakin mafita.
Na cika kwalba, na ɗaga ta ga rana.
Ba zan sha ba, ban ce zamzam ba ne,
amma ina hango yatsuna ta ciki,
ƙananan karfasa kuma sun dawo bakin magudana.

Can ƙasa akwai ƙauyen da ban taɓa zuwa ba.
Wata mace na tsugune a gaɓa tana wanke jariri.
Ba ta san da tafkunan nan ba, balle ni.
In yaron ya kwana lafiya
za ta gode wa Allah,
ni kuma in ɗauki manjagara,
don bututun bai san Juma'a ba.